TIYA TA FI NAIRA RIƘON ALKAWARI: LISSAFIN ABINCIN GIDA A KUKI DA DUTSIN-MA

Wannan bayani ne bisa ga abin da magidanci ya ke ɓatarwa a wata wajen ciyar da iyalinsa, da kuma yadda ya kamata ya tsara lissafinsa, musamman ga mutanen Kuki da sauran garuruwan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina.

Tambayar da ta fi yawo a bakin magidanta, a zaure da rumfar kasuwa da ƙofar masallaci, ita ce: naira nawa za ta ishi gida a wata? Haƙiƙa wannan tambaya ba ta da amsa tsayayyiya, gama ita naira ba ta tsayawa wuri guda. Amsar da aka bayar da kaka ta kan zama ƙarya kafin bazara. Amma ciki yana da ma'auni wanda ba ya sākewa. Tiyar geron da ta ƙosar da mutum biyar a zamanin fam da sule, kafin a shigo da naira a 1973, ita ce dai ke ƙosar da mutum biyar yau. Saboda haka duk mai son ya san inda ya ke, sai ya fara ƙidaya abincinsa da tiya, ya kuma miƙa lissafinsa daga kaka zuwa kaka. Lissafin wata reshe ne kurum daga cikin na shekara.

MASU CI IRI UKU NE

Mutanen wannan ƙasa sun kasu uku wajen yadda abinci ke zuwa musu. Na farko manomi, irin na Kuki da Karofi da Makera, wanda samunsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, ran da aka ɗaure damma aka kai rumbu. Na biyu ma'aikaci mai albashi, wanda samunsa ke zuwa ƙarshen wata. Na uku mai neman na yau, watau ɗan tireda da mahauci da ɗan acaɓa da mai ƙwadago, har da malamin makarantar allo wanda ya dogara ga kuɗin Laraba da abin da Allah ya hore daga hannun jama'a.

Dā can kashi na farko ya rinjayi sauran nesa ba kusa ba. Amma Dutsin-Ma ta zama mazaunin ƙaramar hukuma a 1976, ga kwalejin horon malamai mai sunan Isa Kaita, sa'an nan aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011. Ma'aikata da ɗalibai suka yawaita, dukansu kuwa daga kasuwa su ke ci, ba su da rumbu. Wannan alheri ne ga mai sayarwa, don ya sami ciniki a ƙofar gida. Amma ga mai awo kullum, ya sami abokan takara a bakin buhu.

LISSAFIN HATSI

Alal misali, a ɗauki gida mai mutum goma: maigida, da matan aure biyu, da 'ya'ya bakwai, manya da ƙanana. A ƙaddara suna cin tiya biyu ta hatsi a yini, tsakanin tuwon dare, da ɗumame ko kokon safe, da furar rana. Tiya biyu sau kwana 30, tiya 60 ke nan a wata. Bisa ga lissafin da 'yan kasuwa suka saba, babban buhu tiya 40 ne, watau gidan nan yana cin buhu ɗaya da rabi a wata, buhu 18 a shekara. Wannan lamba, 18, ita ce maigidan ya kamata ya haddace kamar yadda ya haddace sunayen 'ya'yansa. Kowane gida yana da tasa lamba, uwargida kuwa ta fi kowa saninta, don ita ke riƙe da kwanon awo.

To, yanzu sai a juya tiyoyin nan zuwa naira, a ga abin mamaki. Kadan tiya tana naira 1,000, hatsin wata ya tashi 60,000. Kadan ta kai 1,500, ya tashi 90,000. Kadan ta kai 2,000, ya tashi 120,000. Waɗannan farashi misali ne don sauƙin lissafi, kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwarsa. Abin lura shi ne, mutanen gidan ba su ƙaru ba, tukunya ba ta ƙara girma ba, amma kuɗi ya ninka.

Sai a auna wannan da albashi. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa ya zama naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a watan Yuli na 2024. Kadan aka raba 70,000 bisa kwana 30, yini guda ya sami kimanin naira 2,333. Kadan aka raba wannan ga mutum goma, kowa ya tashi da naira 233 a yini. A cikin wannan ne za a fitar da hatsi, da miya, da itace, da magani, da kuɗin makaranta. Mai hankali ya san ba ya yiwuwa. Don haka ne da wuya ka ga ƙaramin ma'aikaci a Dutsin-Ma ko Kurfi wanda ba shi da 'yar gona a bayan gari, ko matarsa ba ta suyar ƙosai, ko ƙuli-ƙuli, ko kiwon awaki a cikin gida.

CEFANE, ƁARAWON ƁOYE

Hatsi kashi ɗaya ne. Kashi na biyu shi ne cefane, wanda ke fita kaɗan-kaɗan har mutum bai san adadinsa ba: manja ko man gyaɗa, gishiri, daddawa, kanwa, barkono, albasa, tumatir, tattasai, ɗan nama ko kifi ran da hali ya yi. Kashi na uku shi ne abin da ba a ci amma ba a cin abinci sai da shi, watau kuɗin niƙa, da itace ko gawayi, da ruwan 'yan garuwa, da sabulu. Magidanci da yawa in ka tambaye shi abin da ya ke kashewa, sai ya faɗi kuɗin buhu ya tsaya. Da zai sami allo ko takarda ya rubuta abin da ya miƙa kowace safiya har wata ya cika, da ya ga ƙananan nan sun haɗu sun zama babban kaso.

Shi ma cefane yana da kakarsa. An gama gina madatsar ruwa ta Zobe bisa kogin Karaduwa a 1983, kusa da Dutsin-Ma, har wa yau ana kamun kifi a cikinta, ana noman rani a gefenta. Da rani tumatir da tattasai da albasa su kan yi araha, har wani lokaci mai lambu ya rasa mai saye. Da damina kuwa su kan yi tsada ƙwarai. A 2016, sa'ad da tsutsar tumatir ta cinye lambuna a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, an ga yadda kwandon tumatir ya gagari talaka. Gidan da ya yanka tumatir ya shanya kauɗa tun da rani, ya busar da kuɓewa da barkono, ya daka kuka ya adana, bai ji zafin wannan ba kamar gidan da ke aika yaro bakin kasuwa kowace rana. Da damina kuma Allah ya kan buɗe wata ƙofa, ga zogale, ga rama, ga yakuwa, ga tafasa a bakin gona. Matan dā sun san wannan tsari sarai, ba su kuwa koye shi a makaranta ba.

ABIN DA KE MOTSA FARASHI

Ya kamata mai karatu ya san dalilan da ke ɗaga farashi su sauke shi, don kada ya ɗora laifi duka bisa mai awon unguwarsa. Na farko shi ne lokaci. Hatsi ya fi araha daga girbin gero zuwa na dawa, ya riƙa hawa da bazara, ya kai ƙarshen tsada cikin Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sabo kuwa bai nuna ba.

Na biyu shi ne kuɗin mota. Ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kowace tukunya ta ji a jikinta. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kowane buhu da ya taso daga Dandume ko Funtuwa ko Dawanau ta Kano yana ɗauke da kuɗin man da ya kawo shi. Injin niƙa da injin ban-ruwa su ma mai su ke sha. A wannan shekara ta 2023 kuma darajar naira ta faɗi, taki da magani da duk abin da a ke shigowa da shi suka yi tsada. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Yuni na 2024 tsadar abinci ta ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 bisa ga Yunin 2023. Watau abin da aka saya naira 100 ya koma sama da 140 cikin shekara guda.

Na uku shi ne iyaka. Katsina da ƙasar Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin zuwan Turawa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sāke rufe ta Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin da aka yi can, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Duk sa'ad da aka yi haka, gero da wake da dabbobi su kan rasa hanyarsu ta kullum, farashi ya rikice a ɓangarorin biyu.

Na huɗu, wanda ya fi duka ciwo a wannan yanki, shi ne rashin tsaro. 'Yan bindiga sun hana noman gonaki masu nisa a wurare da yawa na yammacin jihar, wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, abin ya taɓa ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi. A watan Satumba na 2021 har sai da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, ba a maido ba sai ƙarshen shekarar. Manomin da ya bar gonarsa ya yi hijira zuwa gari, asara biyu ce ga kasuwa, gama dā shi mai kawo buhu ne, yanzu ya koma mai awon tiya.

TALAKA YA FI KOWA BIYA DA TSADA

A nan ne ciwon ya ke. Mai hali ya kan sayi abincin shekara da kaka, lokacin araha, a buhu. Mara hali shi ke sayar da nasa da kaka, lokacin araha, sa'an nan ya dawo ya saye shi da damina, lokacin tsada, a rabin tiya. Hatsi ɗaya, amma ya yi hasara a fitarsa, ya yi hasara a dawowarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, a 1967, ta binciki zaman manoman garin, littafinta ya fito a 1972. Ta nuna cewa mafiya talauci su kan sayar da hatsinsu da zarar an yi girbi, rumbunsu ya ƙare tun kafin ruwa ya zauna, sai su tafi ƙwadago a gonakin masu hali don su sami na awo, tasu gonar kuwa ciyawa ta cinye, baɗi kuma a koma gidan jiya. A wancan zamani haraji yana cikin abin da ke tilasta sayarwar kaka. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Amma wasu masu tilastawa sun maye gurbinsa: bashin taki, da kayan ɗakin 'ya, da kuɗin asibiti, wani wuri har da kuɗin fansa.

Daga nan ne a ke faɗawa cikin falle, watau mutum ya karɓi abu da damina bisa sharaɗin ya biya da hatsi da kaka. Almajiran da suka karanta Risala da Muhtasar sun san bambancin da ke nan. Mutum ya ba da kuɗi hannu da hannu don a kawo masa hatsi sananne, da awo sananne, a lokaci sananne, wannan ciniki ne da shari'a ta halatta da sharuɗɗansa. Amma a ranta wa mutum buhun gero da damina a ce ya maido biyu da kaka, wannan riba ce tsantsa, ko da an sāke mata suna.

AJIYA DABAN, ƁOYO DABAN

Wani zai ce, ashe ajiye hatsi ba shi ne ɓoyon abincin da aka hana ba? Malaman mazhabar Maliku sun rarrabe. Magidanci ya tanadi abincin shekara don iyalinsa a lokacin yalwa, wannan halal ne, ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Manomi ya riƙe abin da ya noma, shi ma ba a kiransa mai ɓoyo. Abin da aka hana shi ne mutum ya kwashe abin da ke kasuwa a lokacin ƙunci, ya kulle, yana jiran mutane su galabaita. A watan Fabrairu na 2024 hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a wajen Dawanau bisa zargin irin wannan.

Shekarar 2025 kuma ta zo da darasi ga 'yan kasuwa. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na ɗan lokaci a 2024, sai farashin hatsi ya sauko sosai, da yawa cikin waɗanda suka tara don riba suka sayar ƙasa da yadda suka saya, manoma kuma suka koka don taki bai sauko tare da hatsi ba. Amma wanda ya ajiye don ci, buhunsa 18 suna nan 18, tuwon gidansa bai ragu da loma ɗaya ba.

Ajiya kuwa tana da ilminta. Cikin ƙissar Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, shawarar da ya bai wa mutanen Masar ita ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa. Haka kakanni suka yi, suna jera damma a rumbu ba tare da sussuka ba, gero ya shekara biyu ko uku lafiya. Mutanen da suka ga yunwar Kakalaba a 1914, da 'Yar Gusau a 1942, da farin 1973, ba su wasa da tsohon dami. Mazaunin gari wanda ba shi da rumbu, ya tabbata hatsin ya bushe sarai, ya ɗora buhu bisa katako nesa da bango. Wake kuwa, wanda ƙwaro ya fi so, akwai buhun PICS mai riɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Yana hana iska shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Jarka mai murfi sosai ita ma tana wannan aiki. Zuba maganin feshin gona cikin abincin da yara za su ci ganganci ne babba.

WATANNI BA DAIDAI SU KE BA

Wani kuskuren mai lissafin wata shi ne ya ɗauka watanni goma sha biyu tagwaye ne. Watan azumi yana da nasa nauyi, ga sukari, ga gero na kunu, ga zakkar fidda kai, sa'i guda bisa kowane kai, ga ɗinkin salla. Watan layya yana da nasa. Watan shuka da noman fari yana cin kuɗin taki da na ƙwadago. Satumba tana zuwa da kuɗin makaranta. Shekarar wata kuma ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka azumi yana zagayawa, wani zamani ya faɗo cikin yalwar kaka, wani zamani cikin ƙuncin damina. Mai tsari ya kan duba tun da wuri inda waɗannan za su faɗo, ya keɓe musu rabonsu. Ma'aikata da 'yan tireda da yawa su kan shiga adashi, su roƙi kwasarsu ta faɗo daidai kaka, su haɗa kai mutum huɗu ko biyar su sayi buhuna su raba. Wannan dabara ce mai kyau, ta fi karɓar bashi a kanti ana rubutawa har albashi ya ƙare tun bai zo ba.

HAKKIN DA KE KAN MASU HALI

Duk wannan tsari yana amfanin wanda ke da abin tsarawa. Akwai gwauruwa mai marayu, akwai ɗan gudun hijira, akwai tsoho mara mataimaki, waɗanda ba su da ko tiyar farko. Shari'a ba ta mance da su ba. Nisabin zakkar hatsi wusƙi biyar ne, watau sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200, wanda malamai da yawa na wannan zamani suka kimanta da kilo 650 ko kusa da haka, buhu shida da rabi ke nan. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahalar ban-ruwa ɗaya cikin ashirin. Manomin da ya sami buhu 30 na damina, buhu uku ba nasa ba ne. Buhu uku kuwa abincin wata biyu ne cur ga gida mai mutum goma, daidai tsawon Yuli da Agusta. Da kowane mai nisabi a Kuki da Kurfi da Dutsin-Ma zai fitar da wannan ran girbi, ya kai shi hannun wanda ya cancanta, da ƙofofin falle da yawa sun rufe da kansu.

'Yan kasuwa kuma, amanar kwano tana wuyansu. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Tiyar da aka bubbuge gindinta, da buhun da aka zare masa tiya biyu aka ɗinke, da hatsin da aka gauraya da tsakuwa, duk daga bakin yaran talaka a ke cire su, gama shi ne ba ya iya zuwa babbar kasuwa ya zaɓa. Sarkin kasuwa da shugabannin ma'auna su ne ya kamata su riƙa duba kwanuka, malamai kuma su riƙa tunatarwa a wurin karatu, musamman gab da kaka.

Saboda haka, kafin magidanci ya fitar da dami ɗaya zuwa kasuwa a kakar bana, ya zauna da uwargida su ƙidaya kawuna, su ƙidaya tiyoyin yini, su ninka har zuwa wata kakar, su ƙara rabon baƙo da na almajiri, su fitar da zakka. Abin da ya saura bayan wannan shi ne na sayarwa. In bai kai ba, gara a sani tun cikin Nuwamba, lokacin da akwai sauran dabara, ko cin rani, ko lambu, ko sayar da akuya da daraja, da a sani cikin Agusta, lokacin da sai abin da mai falle ya yanka.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo zaman lafiya a gonaki da hanyoyi, ya sa albarka a cikin mudu. Amin. Tamat.